Daminar da Na Yi Jinyar Mesar Madam Ladi

Nafisa, Mubarak, na san abin da aka gaya muku game da shekarar da aka kai ku Bauchi, domin ba a ɓoye ake faɗinsa ba. Har a gidan suna na taɓa zama kusa da wata mata da ba ta san ni ba, ta dinga ba ni labarin kaina, wai akwai wata likitar dabbobi a unguwar Rikkos da ta zaɓi maciji ta watsar da 'ya'yanta. Na saurare ta har ta gama, na ce Allah ya kyauta. Shekara da shekaru ina cewa Allah ya kyauta. Yanzu na ajiye aiki, Abbanku ya rasu, 'ya'yanku kuma sun kai girman da za a fara jan su gefe ana raɗa musu. To, a kan jikokina ba zan yi shiru ba. Ga yadda abin ya faru, kuma duk wanda ya san na yi ƙarya a wani wuri ya zo ya same ni, ina nan da raina.

A lokacin ina da ɗan shagon duba dabbobi a Nasarawa Gwom, tsakanin wani mai walda da mai sayar da dusa. Aikina awaki ne da tumaki da kaji, sai karnukan ma'aikata, wata rana kuma a ɗauke ni a babur zuwa ruga. Damina ta yi nisa, irin ruwan nan namu na Jos da yake wuni yana yayyafi, gajimare ya sauko har kan duwatsu, shanya ta yi wari ba ta bushe ba. Ina zaune da rigar sanyi sai ga wata tsohuwa ta sauko daga keke, rungume da kwando an lulluɓe shi da bargo. Ta ce sunanta Madam Ladi, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, daga unguwar Congo-Russia take. Ta ajiye kwandon a kan teburina, amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

"Dokta, kar ki ji tsoro fa," in ji ta. "Ba ya cizo. Sunan shi Talatu."

Na ɗaga bargon na ga mesa ce, irin ƙaramar nan da ba ta da dafi, wadda idan ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo ta ɓoye kanta a tsakiya. Amma wannan ba ta naɗe ba. Ta ɗaga kai sama, bakinta a buɗe, kumfa na fitowa daga hancinta, duk numfashin da ta ja sai ka ji wani siririn fito. Madam ta ce marigayi mijinta, malamin kimiyya, shi ya karɓe ta a hannun manoma ran wata Talata suna shirin sara ta, ya riƙa nuna wa ɗalibai. Ya mutu ya bar mata ita. 'Ya'yansu duk suna kudu. Ta je wurare biyu kafin ta zo gare ni. A ɗaya an yi mata dariya, a ɗayan an ce ta fita da shi kafin a kira mata mutane.

"Shi kaɗai ya rage a gidan da nake magana da shi," ta ce. "In ba za ki iya ba, ki gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba."

Ku sani, ni ba mai son maciji ba ce. Wanda ya kashe kububuwa a gonarsa ko gamsheƙa a ɗakin kajinsa, ni zan fara yi masa barka. Amma abin da ke kan teburina dabba ce mara lafiya da mai ita ta kawo, kuma na san ciwon. Sanyi ne ya sauka mata a huhu. Maciji ba ya iya tari, duk majinar da ta taru masa a ƙirji nan za ta zauna har ta shaƙe shi. Jikinsa kuma ba ya yin ɗumi da kansa, sai abin da ya samu daga waje, don haka ko ka yi masa allurar duniya, in yana kwance a kan siminti mai sanyi, aikin banza kake. Ɗakin Madam sanyi ne da shi, ta ce ana wuni ba a kawo wuta ba a layinsu. Shagona kuwa rufin kwano ne, iska na shiga ta ko'ina. Wuri ɗaya na sani mai ɗumi, ɗan siton nan na gidanmu da ya haɗa bango da murhu.

Ban kai ta gida ba sai da na nemi izini. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe. Na bar Madam a shago, na je na samu Abbanku a kasuwa inda yake sayar da dankali, na faɗa masa komai, ban rage ko kalma ba. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Maman Nafisa, aikin naki ya kai nan? To in dai ba za ta fito ta hau mana gado ba, kawo ta."

Da hannunsa ya haɗa akwatin katakon. Shi ya huda murfin don iska, shi ya ɗaura ƙwan fitila a gefe ɗaya, ya saka sakata, ya kawo kwaɗo ya rufe siton domin kada ku shiga. In an ɗauke wuta, shi yake tuna mini in cika robobin ruwan zafi in naɗe da tsumma in jera a gefen akwatin. Har kiran abokinsa ya yi ya zo ya leƙa. Allah ya jiƙansa, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, amma ba zan share masa abin da ya yi ba.

Jinyar ba ta da wani asiri. Gefe ɗaya na akwatin ɗumi, ɗayan da ɗan sauƙi, domin ta zaɓi inda take so. Ina yi mata allurar kashe ƙwayar cuta a tsokar sashen gaba na jikinta, a tsallake kwanaki a sake. Ina goge mata baki da auduga, ina canza shimfiɗa, ina ajiye mata ruwa mai tsabta. Abinci kam ban ko gwada ba, mara lafiyar maciji ba a cusa masa abinci. Sai kuma surace. Da hantsi in kun tafi makaranta, nakan saka ta a kwando mai ƙofofi, in ajiye kwanon ruwan zafi a kusa da ita, in lulluɓe su da zani, tururin ya sassauta mata majina. Madam tana zuwa kusan kullum, ta zauna a kan turmi a ƙofar sito tana yi mata hira kamar mutum, ta kawo muku gyaɗa da ayaba. Kun ci, kuma ba abin da ya same ku.

Suracen nan shi ya jawo komai. Wata safiya maƙwabciyarmu Maman Walid ta shigo aron rariya ba ta yi sallama ba, ta tarar da ni durƙushe, tururi na tashi daga ƙarƙashin zani, na ɗaga gefe ɗaya ina kiran Talatu. Ta ga kan mesa. Ihun da ta yi sai da kajin unguwa suka watse. Na bi ta har ƙofar gida ina cewa ta tsaya in yi mata bayani, ba ta ko waiwayo ba, takalminta ɗaya ma a tsakar gidanmu ta bar shi.

Kafin la'asar na zama mai tsafi. An ce an gan ni ina yi wa maciji turare ina kiran shi da sunan mutum. An ce da ma an daɗe ana mamakin yadda mace take shiga ruga ta fito shanu na bin ta da kallo. An ce daga coci aka aiko mini da shi. Madam ta gaya mini su ma a cocinsu cewa ake yi ta kai macijinta wurin Hausawa a yi mata asiri. Kun ga, a wannan garin da mutane suka kasa haɗuwa a kan komai, a kaina da tsohuwar nan bakinsu ya zo ɗaya. Sai kuma aka yi rashin sa'a Walid ya kwanta zazzaɓi. Yaron da ke wuni a cikin kwata, a tsakiyar damina, sauro kamar ya ɗauke mutum, amma aka ce mesata ce ta sha jininsa. Matar da na tashi na ceci akuyarta lokacin da ɗa ya gicce mata a ciki, ita ce ta fara hana 'yarta gaishe ni. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu. Babu mutum ɗaya, ko ɗaya, da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Asma'u, mene ne gaskiyar maganar nan. Da sun tambaya da na buɗe musu siton, na nuna musu kwalbar allurar, har sunan maganin na nan a jiki.

Labari ya kai Bauchi, sai ga Gwaggonku Hajara, yayar Abbanku, ta sauka da jakarta ran Asabar da safe. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun ran da aka kawo ni gidan ba ta taɓa yarda da aikina ba. Ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta sa aka tura ku gidan kawunku, ta zauna a falo, ta ce a kira mata ƙaninta. Kafin ya iso samarin unguwa sun fara taruwa a waje, na hango galan ɗin kananzir da sanduna.

"Asma'u," ta ce, "ba doguwar magana na zo yi ba. Ki fito da abin nan a ƙone shi a gaban jama'a, kowa ya gani, sunan gidanmu ya wanku."

"Yaya, ba nawa ba ne. Amana ce aka ba ni, kuma ta fara samun sauƙi."

"Amanar maciji? Kin ji kanki kuwa?"

"Amanar mai shi, Yaya. Da ragonki ne a hannuna, wani ya ce in fito da shi a ƙone, ai ba za ki so in bayar ba. Kuma in na fito da ita aka ƙone, me na ce wa mutane ke nan? Na ce gaskiyarsu, an kama ni."

Ta juya wajen Abbanku, wanda ya shigo ya raɓe a bakin ƙofa.

"Sani, kai ka san da wannan ƙazantar a gidanka?"

Na dube shi. Kalma kaɗan nake jira. Da ya ce ni na ba ta izini, ni na haɗa akwatin, da magana ta mutu, domin babu saurayin da zai ɗaga sanda a kan maigida da ya tsaya a ƙofarsa. Ya cire hula, ya mayar, ya dubi ƙasa.

"To, Yaya," ya ce, "kin san harkar aikinsu, ni ba na shiga."

Har yau ban manta wannan maganar ba. Shekarun da muka yi tare, bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, mutane suna cewa na yi dacen miji mai sanyi. A ranar na san abin da sanyin nan yake nufi.

Na tashi na shiga sito. Na san in na fito da akwatin a ƙofa za a ƙwace shi, ga ruwa ana yi, in sanyi ya sake bugun mesar duk wahalar ta tashi a banza. Sai na saka ta a rigar matashi, na ƙulle bakin, na ɗaura a cikina da ɗankwali domin ta ji ɗumin jikina, na zura hijabi a kai. Na dawo falo na ce da babbar murya, su biyun suna ji:

"Ga ta nan a jikina. Zan mayar wa mai ita. Wanda yake son ƙone ta sai ya haɗa da ni."

Na fita. Samarin nan da na san iyayensu, wasu ma ni na yi wa kajin gidansu rigakafi, suka dare biyu suka ba ni hanya. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Na tare keke a bakin titi na ce Congo-Russia. Ban sani ba ashe ina barin layin suka faɗa gidan, suka fasa akwatin, suka tarar ba komai. Shi ke nan sai labari ya canza. Maganar da na faɗa a gaban Gwaggonku da Abbanku ta ɓace, aka ce macijin ya shige cikina na fita da shi. Mutum biyu sun san gaskiya, kuma su biyun suka yi gum.

Na kai wa Madam mesarta. Muka jawo kwandon kusa da kurfotin gawayi, na nuna mata yadda za ta auna ɗumin da bayan hannu, na ce ta bar taga a ɗan buɗe saboda hayaƙi. Ta riƙe hannuna tana kuka.

"Dokta, da na sani da na bar shi ya mutu. Na ɓata miki gida."

Na ce mata ba ita ta ɓata ba. Na dawo Rikkos da yamma na tarar gidan tsit, ƙofar sito a karye, igiyar shanya babu kayanku, takalmanku na makaranta ba sa nan. Abbanku na zaune shi kaɗai a falo.

"Ina yarana?"

"Yaya ta wuce da su Bauchi. Na ɗan lokaci ne, kafin ƙura ta lafa."

"Da izinin wa?"

"Maman Nafisa, ki yi haƙuri. Kin san Yaya."

Wannan shi ne abu na biyu da nake so ku riƙe. Ban bar ku ba. Fita na yi na 'yan sa'o'i in mayar da kayan mutane, na dawo na tarar an kwashe ku kamar buhunan dankali. Washegari na hau mota na bi ku. Gwaggonku ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, a nan na wuni, aka ce kun tafi islamiyya, alhali ina jin muryar Mubarak a cikin gida. Na je wurin yayana ya ce in yi haƙuri. Na je wurin malamin da ya ɗaura aurenmu ya ce in yi haƙuri. Na yi tunanin kotu, sai na ga in na kai ƙarar mijina aure ya mutu, kuma da irin sunan da aka liƙa mini ban san alƙalin da zai miƙa mini ku ba. Na zauna a gidan ne domin ita ce kaɗai ƙofar da za ku iya shigowa ta cikinta in an yi hutu. Masu cewa na zauna ne domin ban damu ba, Allah ya isa tsakanina da su.

Duk da haka ban fasa zuwa Congo-Russia ba. Na gama wa mesar nan allurarta tsaf. Fiton ya ragu, kumfar ta ɗauke, ta rufe bakinta, ta koma naɗewa. Wata rana Madam ta zo shagona har tana tuntuɓe, ta ce Talatu ya ci ɓera. Na yi murna, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Mesar ta rayu shekaru bayan nan. Walid ma ya warke da maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar kowane yaro. Sallar layya na matsowa mutanen layinmu suka fara sulalowa shagona ɗaya bayan ɗaya da ragunansu masu zawo, kowa yana duba hagu da dama kada ɗan'uwansa ya gan shi. Na duba musu duka. Babu wanda ya ce ki yafe mana. Sun ci naman, sun yi Sallah da 'ya'yansu, ni na yi tawa ni kaɗai.

Kun tambaye ni, kowannenku a lokacinsa, ko da na san abin da zai biyo baya da na ba su ita. Tambayar nan ba ni ya kamata a yi wa ba. Ni na yi aikin da na koya, da izinin mijina, da rana tsaka. A je a tambayi wadda ta shigo gida ba sallama ta fita da ƙarya, da wadda ta raba uwa da 'ya'yanta domin mutane su daina magana, da wanda ya tsaya yana juya hula. Ɗan lokacin da aka ce ya zama shekaru, har sai da Nafisa ta gama firamare aka dawo mini da ku, kun yi tsawo, kun koyi kiran wata Umma.

Amma hutun farko da aka bari kuka zo, shi ne ba zan manta ba. Tun asuba nake kicin. Na yi muku gwate da ganye kamar yadda kuke so, na soya dankali, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mubarak ya kai hannu zai ci, ke Nafisa kika riƙe masa hannu. Kika dube ni, ba a fuska ba, a ciki, kika ce:

"Umma, yana nan har yanzu?"

Na matso kusa da ke. Na ɗauki hannunki, kina ja ina ja, na ɗora shi a kan cikina na danne, na ce ki taɓa da kyau, ki taɓa ko'ina. Kika daɗe kina lalube da 'yan yatsunki, kina kallon ƙaninki. Sannan kika saki hannunsa kika ce masa ya ci, babu komai. Na juya na shiga kicin na rufe ƙofa, domin kada ku ga fuskata. 'Yar da ta kwanta a cikin nan kafin ta ga duniya, sai da ta bincike shi kafin ta ci abincina. Wannan ne abin da aka yi mana, kuma wannan ne ban yafe ba.